Idon da Aka Kafa Mini a Saman Ƙofa

Tun da aka kawo ni gidan nan, a ƙauyenmu na wajen Miga, ban kwana a wani wuri ba sai in haihuwa ko rasuwa ce ta fitar da ni. Mai gidan ya rasu, yara suka watse, na zauna da awakina. Bara da damina santsi ya kwashe ni a bakin rijiya. Na tashi na karkaɗe zanena, shi ke nan. Amma masu dogon baki suka kai labari Dutse, wurin babban ɗana.

Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, doguwar magana ba ta haɗa mu. Matarsa ce bakinsa. Ta zo ta ce in koma gidansu a unguwar Limawa, can Dutse. Na ce ina nan daram. Sai suka dawo da wani baƙin abu mai ido ɗaya, bai fi ƙwan agwagwa ba, suka kafa a saman ƙofar ɗakina yana leƙen tsakar gida.

"Inna, ba mutum ne ke kallo ba, kwamfuta ce," in ji surukar tawa. "Ta san zama, ta san tafiya, ta san faɗuwa. In kin faɗi, wayarsa za ta yi ƙara."

"Wato ni da ɗaurin ƙirji zan riƙa yawo a aljihun maza?"

Ta rantse hoto ba ya fita. Ta nuna mini waya, na ga wani zane kamar an harhaɗa karan dawa, ba fuska ba sutura. Wai ni ce. Ni da na cika ɗaki!

Ba a jima ba abin ya fara ƙarya. Ina zaune lafiyata ƙalau sai ga matar maƙwabci a guje da waya a kunne, wai ɗana ya kira ta ya ce na faɗi. Na kore ta. Wani makon ma haka. Na ce ban faɗi ba, ba wanda ya yarda. Furfurata a gefe guda, ƙwan agwagwa a gefe guda, suka zaɓi ƙwai.

Wata Juma'a da hantsi sai ga mota da buhunan zuba kaya. Ɗan nawa ya tsaya a zaure, matarsa ta shigo.

"Inna, tsufa ba abin kunya ba ne. An gyara miki ɗaki, har da fanka."

"Ke 'yar nan, wace rana shaidar taku ta ce na faɗi?"

Ta duba. "Duk Juma'a ne, bayan an sauko."

Na ce a sauke buhunan nan, a zauna a jira.

Wan mijina yana raye, ya tsufa tukuf, da sanda yake tafiya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yana biyowa ya duba ni. Tun ina amarya ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, ba kuma ɗan rusunawar 'yan zamani ba. Gwiwa biyu a ƙasa, hannu a ƙasa, kai a sunkuye, har ya gama tambayar jikoki da awaki.

Ran nan ma ya yi sallama, ɗan nawa na biye da shi. Na zube.

"Yaya, barka da Juma'a."

Bai kai ga amsawa ba aljihun yaron ya ɗauki kuka. Tsohon ya ce, "Kai, me ke cin ka?"

"Baffa, wai Inna ta faɗi."

"To, ai shekara da shekaru take faɗuwar nan a gabana, ban taɓa kiran mota ba."

Surukata ta toshe baki. Ni ban yi dariya ba. Wajen tashi gwiwar hagu ta ƙi ni, sai da na dafa turmi, kuma na san ɗan nawa ya gani. Wannan kuwa, abin da ke saman ƙofa bai kai rahotonsa ba.

Aka mayar da buhuna mota babu komai a ciki. Amma ɗan nawa ya ce idon yana nan, in ba haka ba Limawa. Matar ta ce abu ne mai sauƙi, abin yana koyo: in durƙusa a gabansa in tashi, in sake, in sake, har ya gane gaisuwa daban faɗuwa daban.

Na ce, "Faɗa wa mijinki na durƙusa wa Allah, na durƙusa wa iyayena da dangin ubansa. Ƙwan agwagwa ba ya cikinsu. In yana son ya koyi ladabi, ya sauko ƙasa ya fara gaishe ni."

Ina ɗakina har yau. Duk Juma'a ina zubewa, abin yana sharara ƙaryarsa, wayar maƙwabciya tana ƙara. Takan ɗaga murya ta katanga ta ce, "Inna, gaisuwa ce?" In ce mata ta tambayi ɗan leƙen asirinsu.