Ranar da Mai Ƙararrawa Ya Yi Gwanjon Kansa

Mai Ƙararrawa ake ce masa, don tun yana saurayi ɗan gwanjo ne. Duk ofishin da ya gaji da kujerunsa, duk otal ɗin da ya sauya labule, shi ake kira ya hau tebur ya kaɗa ƙararrawa ya rabar da kayan. Bakinsa kuwa sai wanda ya ji. Ya taɓa sayar da fanka mai fiffike biyu da hujjar ba ta shan wuta kamar mai uku, wanda ya saya har da godiya. Matarsa takan ce ita ma haka aka yi mata, kallo kawai ta zo ta tsinci kanta da miji.

Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya sauka daga tebur, ya koma zaman ƙofar gida yana yi wa kayan masu wucewa kuɗi a zuci. Wannan keken ya ji jiki, wancan takalmin an cuci mai shi.

'Yarsa ta fari ce ta tashe shi daga wannan zaman. Tana aiki a wata gidauniya mai tallafa wa makarantun firamare da abin da kuɗin makaranta ba ya kaiwa: ajin zane bayan an tashi, ɗan ɗakin karatu, malamin kiɗa mai zuwa jifa-jifa. Uban yakan ce aikinta roƙo ne da takalmi mai tsini. Ta rubuta wa kamfanoni, ta bi tsofaffin ɗalibai a waya har su daina ɗagawa, ta ajiye akwatin taimako a kantuna kusa da alewa. A bana kamfanin da ke ba su fenti da takarda ya janye hannu, sai gidauniyar ta ce a yi gwanjon zanen yaran.

"Baba, kai za ka yi mana."

"Nawa ce la'adata?"

"Shayi."

"Da madara?"

"In an ci riba."

Sharaɗi ɗaya ta kafa masa. Yaran za su zauna a gaba suna kallo, don haka kada zane ko ɗaya ya sauko ba a taya ba. "Kujera in ta yi kwantai ba ta kuka, Baba," in ji ta. "Yaro kuwa ba zai ƙara taɓa fensir ba."

A cikin yaran har da 'yarta, jikarsa, wadda ake kira Shiru don magana tsada gare ta. Ta yi zane, amma ta hana kowa gani a gida.

Ranar Asabar da hantsi ɗakin taron makarantar ya cika. Iyaye a benci gwiwa na dukan haɓa, masu kantunan layin a baya, matarsa a gefe kusa da taga tana fifita. Aka miƙo masa lasifika, ya ce a ba mai buƙata. Malamin zane yana miƙo masa hotunan ɗaya bayan ɗaya, an rufe sunayen don kada a fifita ɗan wani.

Ya kaɗa ƙararrawa, tsohuwar murya ta dawo. "Mota da mage, jama'a, kuma magen ta fi motar girma! Biyu a kuɗin ɗaya!" Tela ya saya. Gida mai ƙofa a sama ya ce ɓarawo ba ya shiga, direban bas ɗin makaranta ya ɗauka. Duk wanda aka sallama, sai wani yaro a gaba ya yi tsalle ya tona kansa.

Aka zo kan na ƙarshe. Ƙaton kai, kunnuwa kamar faranti, siraran ƙafafu, farin gemu, da wani abu ruwan ɗorawa yana lilo a wajen wuya. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, sannan ya gane.

"Bunsuru!" ya ce. "Tsohon bunsuru, har da ƙararrawarsa a wuya! Ba ya cin dusa, ba ya wari. Wa zai taya?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, har masu riƙe ciki. Dariyar ta hana kowa ɗaga hannu. Yana shirin ƙara gishiri sai ya ji wata 'yar murya daga bencin gaba.

"Kaka, kai ne."

Shiru ce. Ta miƙe tsaye, ta damƙe gefen rigar makarantarta. Uwarta ta rufe baki da hannu. Dariya ta mutu.

Mai Ƙararrawa ya ajiye ƙararrawarsa. Ya dubi hoton, ya dubi yarinyar. Sai ya ɗaga hoton daidai fuskarsa, ya cire hula.

"A gafarce ni, jama'a, ido ne ya tsufa. Ku dubi kunnuwan nan, ku dubi nawa. Masu hoto ragewa suke yi don kunya, wannan mai zanen gaskiya ta faɗa." Ya buga ƙararrawa. "To, yau ni ake gwanjo! Tsohon kaya ne, ba zan ɓoye muku ba. Gwiwa ɗaya tana ƙara, haƙori ya ragu, amma injin baki garau. Tsohuwa, ba kya tayawa?"

Matarsa ba ta ko daina fifita ba. "Ina da na asalin a gida, ya ishe ni. In da mai so ma in haɗa masa."

Dariya ta dawo, wannan karon har Shiru ta ɗan saki rigar. Direba ya taya.

"Albarka! Kuɗin kunne ɗaya ke nan."

Tela ya ƙara. Mai kantin magani ya ɗora a kai, yana cewa dama tsohon kullum yana kantinsa, gara ya zauna gaba ɗaya. Suka yi ta ja, tela yana share gumi, har hoton ya wuce kuɗin mota da mage nesa. Mai Ƙararrawa ya sallama wa mai magani, ya zauna a kujera don gwiwar ta ce ya isa haka.

Shiru ce ta kai hoton da kanta. Ta miƙa da hannu biyu, amma ba ta saki ba.

"Kada ka rataye shi a rana," ta ce. "Ba ya son zafi."

"To, ranki ya daɗe."

"Kuma a riƙa yi masa magana. In ba a kula shi ba fushi yake yi."

Mai magani ya yi alkawari, sannan ta saki. Ta wuce kakan nata yana ta faman goge ido da hula, ta je ta tsaya gaban matarsa, ta ƙura mata ido tun daga ɗankwali har takalmi.

"Saura ke," ta ce.

Tsohuwa ta ajiye mafici, ta gyara zama. "To, 'yar nan. Amma ni ban da gemu."