Rubutun da na sha ranar tiyata

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa adaidaita tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku, fitsari ya tsaya min cak. A asibiti aka sa min roba, aka ɗaura min jaka a cinya. Likita ya ce sai an yi aiki. Wata huɗu na yi da jakar nan. Ko masallaci na je, bayan sahu nake tsayawa, don kada wani ya ji wari.

Ranar farko da aka sa min don yin aikin, aka auna jinina aka ga ya hau. Laifina ne. Na ji sauƙi, na daina shan maganin hawan jini. Aka ce in koma gida.

Da aka sake sa rana, aka ba ni takarda, aka ce kada in ci abinci. Lokacin ban iya karatun boko ba. Na ninke ta na sa a aljihu, ban tambayi kowa ba.

Da safiyar ranar sai ga yayana daga ƙauye, da gora a hannu. Rubutu ne ya sa aka yi min, aka dama da fura.

"Shanye duka," in ji shi. "Wuƙa za ka shiga."

Na shanye. A ganina ba abinci na ci ba, addu'a na sha.

Har an sa min rigar tiyata, sai wata nas ta zo.

"Baba, ka ci wani abu yau?"

"Ban ci ba."

"Ko ruwa?"

"Rubutu kawai."

"Da me aka haɗa?"

"Fura."

Ta zauna a bakin gadon. "Baba, in aka yi maka allurar barci da fura a ciki, za ka iya amai ya koma huhu. Yau ba aiki."

Na ce, "'Yata, ayar Allah ce fa."

Ta ce, "Ni ma ina sha. Amma jiya ya kamata ka sha."

Na cire rigar, na ɗauki jakata. Sati shida na ƙara.

Karo na uku ban yi wasa ba. Na sha maganina kullum. Na sa nas ɗin ta karanta min takardar layi-layi, na maimaita mata. Yayana na ce ya zo da gorarsa tun ana gobe. Aka yi aikin, aka cire roba.

Wani lokacin ɗage aiki ba laifin mara lafiya ba ne. Na ga wanda aka mayar gida don an kawo masu haɗari, na ga wanda 'yan'uwansa ba su zo ba da jini ba. Amma nawa biyun, ni na jawo. Su kuma masu aikin, takarda ba ta isa ba ga irinmu. A faɗa mana da baki, a ambaci kunu da fura da rubutu da sunansu.

Yayana ya rasu bara. Har ya koma ga Allah bai san gorarsa ce ta mayar da ni gida ba. Ce masa na yi likitan ne ya yi tafiya.