Malamar da Ta Koya Mini Ba Ƙasa Iska

Ranar Talata, goma sha biyu ga watan Maris, ina tsakiyar ban-ruwa ɗiyarki ta kira ni ta ce kin cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye bokiti, na zauna a bakin rijiya.

Malama, ban manta haɗuwarmu ba. Tankin gidan man da ke maƙwabtaka da lambuna ya tsiyaye, fetur ya ratsa ƙasar da mahaifina ya bar mini. Alayyafo ya ƙone, wari ya kori kowa. Na shimfiɗa leda a kan wurin na danne da duwatsu, na fara shirin barinsa. Sai ga ki daga ɗakin binciken kimiyya da kwalabe cike da jaka. Kika ɗaga ledar, kika yi dariya.

"Haba Malam, ai ka shaƙe ma'aikatanka!"

Kika ce akwai bakteriya a ƙasar, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ƙwayoyin gadonsu suka ba su ikon cin wannan dafin. Dafin kamar zobe yake, rufe ruf. Sai sun cusa masa iskar oksijin ya buɗe, sannan su cinye shi. Na tambayi maganin da zan nemo, kika nuna mini fartanyata.

Kowace safiya ina juya ƙasa, ke kuma kina zuwa ki ɗebi dunƙule. Da na gaji na ce wannan aikin baban giwa ne, ba ki yi fushi ba. Kika kai ni ɗakin bincikenku, kika ɗiga wani ruwa a ƙaramin faranti mai ɗauke da bakteriyar ƙasata, nan take ya koma rawaya.

"Ka gani? Zoben ne ya fashe. Koma bakin aikinka."

Kin hana ni shuka komai sai kin tabbatar, don kada 'ya'yan mutane su ci guba. Daga gadon asibiti, da bututun iska a hancinki, kika aiko mini cewa ƙasa ta warke, in shuka. Na gode, Malama, har abada. Tumatirin farko da na ce naki ne ya nuna, jiya na kai wa 'ya'yanki.

Ina yi wa maigidanki da 'ya'yanki da ɗalibanki ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki. Kin buɗe wa ƙasata hanyar numfashi, Allah ya buɗe miki ƙofa iskar Aljanna ta riƙa shigo miki. Amin.