Sun Ce Ni Na Cinye 'Ya'yana

Assalamu alaikum. Ni 'yar Gummi ce, aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Anka. Lokacin da zinari ya bayyana a dajinmu ina da 'ya'ya uku, babbar mace, sai ƙannenta maza biyu. Mijina manomi ne, amma ya jingine fartanya ya shiga rami kamar kowa. Yakan kawo duwatsu gida a buhu, ni da matan ƙannensa mu daka su a turmin da muke daka gero, yara na wasa cikin ƙurar. Ba a daɗe ba ya rufa ɗakinmu da kwano, ya sayi babur, nama ya daina jiran sallah. Nakan ce a raina lallai Allah na tare da mu, tunda ga shaida a tukunya.

Autana ne ya fara. Zazzaɓi, amai, sai jijjiga, idanu su kakkafe. A bayana ya cika, muna hanyar zuwa wurin mai magani. Ba a gama zuwa mana gaisuwa ba wansa ya bi shi. Haka aka yi ta fitar da gawarwakin yara daga gidajen unguwarmu, har aka fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Ni ce bare, ba ni da dangi a garin.

Da ɗan ƙanin mijina ya kwanta, uwarsa ta ce ta yi mafarki ina bin sa da wuƙa. Uwar mijina, wadda nake kira Inna tun ranar da aka kawo ni, ta nuna ni a tsakar gida ta ce, "Mayya! Kin cinye naki, kin dawo ga namu." Aka tuɓe mini zane a gaban mata, aka tilasta mini tsallake yaron don in saki kurwarsa. Na tsallake ina kuka. Washegari ya rasu. Yara suka bi ni da jifa, aka hana ni taɓa guga a rijiya. Mijina ya sake ni ba tare da ya dubi idona ba, Inna kuma ta riƙe ɗiyata, wai kada in ƙarasa ta. Da zan fita na miƙa wa yarinyar hannu, ta ɓuya a bayan kakarta. An riga an gaya mata ni na ci ƙannenta.

A Gummi na daɗe ina sallah da baki kawai, zuciyata a bushe. Wata rana na tambayi mahaifina ko Allah ya juya mini baya ne. Ya ce, "Ɗiyata, wa kike tsammani ya riƙe ki har kika iso gida da hankalinki?" Daga ranar na koma gaya wa Allah damuwata a sujada, domin Shi kaɗai ya san ban yi ba.

Daga baya muka ji ma'aikatan lafiya sun shiga ƙauyen sun gwada jinin yara da ƙasar gidaje. Suka ce gubar dalma ce a cikin duwatsun nan da muke dakawa. Ba wanda ya zo ya ba ni haƙuri. Saƙon da ya zo daga Inna shi ne in je Anka in ɗauki ɗiyata, gubar ta taɓa mata ƙwaƙwalwa, sun gaji da wanke ta. Na je na ɗauko ta. Yanzu ta zama budurwa, maganarta ba ta fita sosai, abubuwa da yawa sun goge a kanta, amma abin da aka gaya mata bai goge ba. Har yau ba ta cin abincin da na dafa sai ta ga na fara kai loma.

Na yi nadamar auna kusancin Allah da abin da ke hannuna. Yana nan lokacin da nake dariya, yana nan lokacin da ake jifana, ni ce ban gane ba. Ina roƙon masu karatu kada ku shigo da duwatsun haƙar zinari inda yara ke rarrafe. In kuma mutuwa ta shigo gidanku, ku je asibiti ku tambaya, ku ji tsoron Allah kafin ku nuna wata uwa da yatsa. Ita ma binne nata ta yi.