Farin Zare a Cikin Dutsen Abdulƙadir

Abdulƙadir mutumin Sunke ne, a ƙasar Anka. Yana cikin waɗanda suka haƙi zinariya a shekarun da ake kai dutse gida ana niƙawa, kafin a gane akwai gubar dalma a cikinsa. 'Ya'yansa biyu sun rasu a damina guda. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, da hannunsa ya shigo da abin da bai san cikinsa ba. Ya yi wa matarsa Saude alkawarin ba zai ƙara shiga rami ba. Suka koma Bukkuyum, ya zauna wajen wani tsohon maƙerin azurfa mai suna Dabo, ya koyi ƙera zobe da ɗaura masa dutse.

Sana'ar tana ba su tuwo, ba ta wuce nan. Bara wani Alhaji dillalin shanu na Gummi ya nemi zobe mai zumurrudu na gaske, koren dutsen nan mai tsada. Saude ta sayar da tumakinta duka, Abdulƙadir ya sayi dutsen a intanet wajen wani ɗan kasuwa da bai taɓa gani ba. Su biyun sun san cewa idan jarin nan ya nutse, rami kaɗai ya rage.

Dutsen ya iso ta motar Gusau, a naɗe cikin auduga. Da ya ɗaga shi a rana, sai ya ga wani farin zare ya ratsa cikinsa. Ya aika hoto. Mai sayarwa ya amsa cewa jijiya ce, da ita aka halicci dutsen, ba tsaga ba ce. Idan kuma ransa bai kwanta ba, ya mayar cikin kwana bakwai, muddin ƙarfe bai taɓa shi ba.

"Malam, mi kaka nema cikin ɗan abin ga tun hantsi?" in ji Saude. "Ka mai da wa mutum abinai mu huta."

"In lafiyayye na, na zalunce shi."

"To ka ɗaura, ka kai Gummi."

"In tsagagge na, na cuci Alhaji."

Dabo ma ya duba, ya yi dariya. "Kai ɗan Sunke, ni da ido ɗaya da rabi na ga jijiya ta. Ka gwada wa Alhaji zaren, ka ce ga abin da kag gani, ga abin da ba ka sani ba. In ya so ya ɗauka. Amma ka ji ni da kyau, wanga ba dutsen rami ba na."

Shawarar Dabo ita ce daidai, kuma ita ce abin da shari'ar ciniki ta nema. Ba a ɗora wa mai sayarwa sanin gaibu ba. An dai hana shi ɓoye abin da ya gani. Amma Abdulƙadir ba ya iya miƙa wa mutum dutsen da yake shakka, ko da ya faɗi shakkar. Mahaƙa kuwa hanya ɗaya suka sani ta tambayar dutse: a ƙwanƙwasa shi da guduma a saurara, lafiyayye ya yi ƙara, mai tsaga ya yi ɗif.

Rana ta biyar, Dabo ya tafi sallar azahar, Abdulƙadir ya ɗora dutsen a kan maƙera ya ɗauki ƙaramar guduma. A ganinsa taɓawa kawai ya yi. Zumurrudu ba ya jure duka. Ya rabe uku.

Da Dabo ya dawo, ya tattara gutsattsarin a tafin hannunsa ya daɗe yana juyawa. Farin zaren yana nan a cikin babban ɓarin, bai motsa ba. Ta wani gefen dabam dutsen ya fashe.

"To, ka sani yanzu," in ji tsohon. "Lafiyayye na."

Ba zan kira wannan rashin gaskiya ba, domin tsoron cuta ne ya kai shi. Amma tsoron da ya ƙi jin shawara, ya nace sai ya sami tabbacin da ba a ba ɗan Adam ba, shi ma ɓarna yake haifarwa, kuma yawanci a kan wanda ba a tambaya ba. Tumakin ba nasa ba ne.

Ya je Gummi da kansa ya faɗa wa dillalin abin da ya faru. Ya faɗa wa Saude ma, bai rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba. Bayan girbi ya bi wasu mahaƙa zuwa wani rami a dajin Nasarawa Burkullu. Duk ranar da zai dawo, Saude takan ajiye bokitin ruwa da sabulu da wata riga a zaure, ta kulle ƙofar ciki, ba ta buɗewa sai ta ji ya gama wanke ƙurar rami.