Ranar da Aka Tsayar da Ruwa Saboda Wayar Inna

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da aka tsayar da ruwan kanal ɗin noman rani saboda wayar mahaifiyata.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure. A shekarun da nake magana, manyan kamfanonin waya ba su san da zamanmu ba. Wani ƙaramin kamfani ne, wanda aikinsa bai wuce 'yan jihohin nan namu ba, ya zo ya kafa eriya a bayan firamare. Wayarsu irin ta ɗorawa a kan tebur ce. Yayana, mai bin motocin tumatir zuwa kudu, ya saya wa Inna ɗaya, ita kuwa ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa.

Wani rani, ana tsakiyar kakar tumatir, katafilar da ke yashe kanal ta tsinke igiyar wayar kamfanin da ke binne a ƙasa. Sabis ya ɗauke ɗif. Washegari labari ya iso cewa wata babbar mota da ta yi lodi a wajenmu ta kife a hanya, an rasa rayuka. Yaya yana cikinta.

Mijina ya hau babur ya je Kura ya kira lambar Yaya, a kashe. Mun kuma san halinsa: lamba ɗaya tak ya haddace a duniya, ta Inna. In yana da rai, nan zai kira. Inna ta zauna gaban wayar da carbi, ta ƙi ci, ta ƙi sha. Sai ta ɗaga ta kara a kunne, ta ji shiru, ta mayar.

Da na kasa jure kallonta, na zura hijabi na nufi bakin kanal. Na tarar da ma'aikatan kamfanin zaune cirko-cirko. Babbansu wani mai furfura ne, baƙo, Hausarsa a kakkarye. Na gaya masa halin da muke ciki.

Ya nuna mini ramin da suka haƙa, cike maƙil da ruwa. Ya ce, "Madam, ruwa ya rufe waya. Sai an kulle ruwa, mu shiga."

Ga shi kuwa ranar layin ban ruwa na wani dattijo ne maƙwabcinmu, wanda kowa ya san ba a wasa da shi a kan ruwa. Tumatir ɗinsa yana fure, zafi ya fara, in layi ya wuce shi sai ya zagayo. Yana tsaye da fartanya, ya ji komai.

Ya ce, "'Yar nan, har yanzu shiru?"

Na ce, "Shiru, Baba."

Ya daɗe yana kallon gonarsa. Sannan ya ajiye fartanyar, ya taka zuwa ƙofar ruwan ya rufe ta da hannunsa. Wasu manoma suka fara gunaguni, ya juyo ya ce, "Tumatir ana sake shukawa. Ku kawo bokitai."

Masu gunagunin nan su suka fara kwalfe ramin. Mai furfurar ya tuɓe takalmi ya shiga taɓo har gwiwa, rana na dukansa. Aka kawo masa abinci ya ce sai ya gama. Har yau ina ganin hannunsa yana haɗa wasu siraran wayoyi kamar gashi.

Ana sallame la'asar ya ɗago ya ce, "Madam, gudu gida."

Tun daga zaure na jiyo ƙarar wayar. Inna ta kasa ɗauka, ni na ɗaga na kara mata. Na ji muryar daga nesa: "Inna, ni ne." Yana asibiti da karaya a ƙafa, tun jiya yake aron wayar wata nas yana gwadawa. Biyu daga abokan tafiyarsa sun rasu, shi ya sa ba mu yi guɗa ba. Inna ta yi sujada, sannan muka tafi gidajen gaisuwa.

Furen tumatir ɗin dattijon ya zube da yawa a wannan shekarar, bai taɓa ɗaga zancen ba. Kamfanin ma daga baya manya suka danne shi ya rufe, ban sake ganin mai furfurar ba. Amma tun ranar na gane cewa duk muryar da ta iso kunnenka cikin sauƙi, akwai wanda ya shiga taɓo dominta, akwai kuma wanda ya haƙura da rabonsa. In ba ka san su ba, ka sa su a addu'a.