Ni Na Tausa Wa Isufu Ƙafa Jiya

Da safen nan labarin ya same ni a hanyar Agiye, ina kan babur za ni taron malamai. Waya ta yi ta ƙara a aljihu har na gaji na tsaya. Maƙwabcina ne. Ya ce, "Mushe, ka juyo. Isufu Tela ya rasu."

Na ce, wane Isufu? Alhali Isufu Tela ɗaya gare mu a Cadawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya bayan la'asar ƙafarsa tana kan cinyata. Shi ya sa na kasa sa hotonsa in rubuta "Allah ya ji ƙansa" in wuce, kamar yadda kowa ya yi yau.

Shekara tara ke nan da aka turo ni koyarwa a lakol ɗin garin nan, inda ake ce wa malamin boko Mushe, ban san kowa ba. Wata rana ina wucewa ta gaban shagonsa sai na ji an ce, "Mushe, zo ka tuɓe rigar nan." Na tsaya ina kallon mutumin da ko sunansa ban sani ba. Ya ce wuyan rigar ya cinye, in na shiga aji haka za a raina ni. Ya ba ni tasa na sa, ya farke wuyan tawa ya juya shi, ya goge ta da gawayi ya miƙo mini.

Tun daga ranar bencin shagonsa ya zama wurin zamana.

Shi ya ɗinka wa ƙungiyar ƙwallonmu lambobin bayan riga, amma bai taɓa zuwa kallon wasa ba. Wai shi ba zai bar keke ya je ya ga ƙarti ashirin da biyu suna bin fata ɗaya ba.

Saboda 'yan ƙwallon nan ne ƙanena da ke Aljeriya ya aiko mini da bindigar tausa. Wata 'yar na'ura ce mai siffar ƙaramar bindiga, ana yi mata caji, tana da kan roba mai bubbuga tsoka da sauri har ta saki. Kun san garinmu. Kafin wata guda ta zama "bindigar Mushe". Mai dawowa daga gona ya zo, mai tura kura ya zo, tsofaffin masallaci su naɗe wando su jeru. Ni kuma kaina ya fasu. Bidiyo uku na kalla a waya, na wayi gari likita.

Isufu ya fi kowa jin daɗinta. Keken ƙafa yake takawa, ya ƙi na lantarki, wai ba zai jira wuta ba alhali Allah ya ba shi ƙafafu. In ya wuni yana taka shi, sharaɓarsa takan ɗaure kamar dutse. Minti biyar a kowace ƙafa, sai ya miƙe yana tattaki a shago yana cewa an mayar masa da ƙuruciya. Shekara biyu muna haka, ba abin da ya taɓa faruwa sai alheri.

Makon jiya ya dawo daga Arlit, ya je duba yayansa da ba shi da lafiya. Kwana biyu a mota, a takure, jaka kan gwiwa. Ya tarar ɗinkin Salla ya taru har saman tebur, ga azumi ya yi nisa. Ko hutawa bai yi ba ya hau keke.

Jiya ya aiko a kira ni, in zo da bindiga.

Da ya janye wando na ga ƙafar hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa idon sawu, tana sheƙi. Na taɓa na ji zafi rau. Ta daman kuwa lafiyarta lau. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba.

Kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Na je wurin majo shekaranjiya. Ya ce in tahi Maraɗi a ɗauki hoton ƙahwar, wai kada a murza ta."

Majo shi ne babban ma'aikacin gidan likitan garinmu.

Na ce, "To ka tafi mana."

Ya nuna mini tarin yaduka. "In tahi in bar ma wa wanga? Shekara talatin ban taɓa sa ɗan mutum ya yi Salla da tsohuwar riga ba. A yi Salla tukuna. Kai dai taimake ni in samu in taka keke."

Ga abin da na ce, kuma da dariya na faɗe shi: "Majo ai komai Maraɗi."

Na kunna. Ya ɗora ƙafar a cinyata ya faɗi abin da ya saba faɗa duk lokacin da zan fara: "Harbe ni, Mushe, na yahe."

Na ga yana cije leɓe. Da, lumshe ido yake yi. Sai na ce a raina ciwon ne ke fita, na ƙara wa bindigar ƙarfi. Na kai ta lamba uku, na bi sharaɓar nan sama da ƙasa, ba minti biyar ba, ya fi goma. Da na gama ya ce ta yi sauƙi. Na tafi gida buɗa baki ina jin na yi aikin lada.

Yau bayan sallar asuba ya buɗe shago, ya zauna a kan keke. Waɗanda ke kusa sun ce ya dafe ƙirji, numfashi ya sarƙe, kafin a samo mota ya cika.

A maƙabarta majo ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Ban ce kai ne ba, Mushe. Ba wanda zai iya cewa haka yanzu. Amma in jini ya daskare cikin jijiya bayan doguwar tafiya, aka bubbuga wurin, gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Shi ya sa na ce kada a taɓa."

Kowa na ce mini kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma an faɗa mana, mu biyu, kuma ni ne mai karatun.

Muna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, ba a ko shafa fatiha ta uku ba, wani alhaji ya sunkuyo kunnena: ko na san inda marigayi ya ajiye shaddarsa, ruwan toka ce, an riga an yanka. Don kada irinsa su ji kunya ranar idi Isufu ya ƙi zuwa Maraɗi. Na kau da kai, don in na buɗe baki azumina zai lalace.

Can kuma wani dattijo ya ce in an kwana biyu in leƙo shi da bindiga, ƙafarsa na damunsa.

Da la'asar na nemi izini na shiga wurin matarsa Hajara. Tana bayan labule, ni ina tsugune a bakin ƙofa. Na faɗa mata duka, har lamba ukun, har dariyar da na yi wa majo. Na shirya ta zage ni. Wallahi so nake ta zage ni.

Sai ta ce, "Na sani, Mushe, ya hwaɗa mani. Kwana biyar bai runtsa ba don ƙahwar nan. Jiya ya yi barci har sai da na tashe shi sahur. Yana cin abinci ya ce in dama maka hura yau, mai nono da yawa, ka yi buɗa baki da ita. Maganarshi ta ƙarshe da ni ke nan."

Na ɗauka maganar furar faɗi kawai ta yi. Ana kiran magariba sai ga kwano an aiko daga gidan mutuwa. A ranar da aka binne mijinta, matar nan ta zauna ta dama mini fura.

Ga shi nan gabana a rufe. Da ruwa na buɗe baki.

In kana da irin na'urar nan, aka kawo maka ƙafa ɗaya a kumbure da zafi, don Allah ka ajiye ta, ka ɗora mutumin a babur ka kai shi likita ko yana zaginka.

Ya Allah, ga bawanka Isufu ya zo maka da azumi a baki. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabari, ka hutar da shi hutun da bai samu ba a nan. Ka ba Hajara da 'ya'yanta haƙuri, ka tsaya musu.

Duk wanda ya karanta wannan, ka sa shi a addu'arka ta buɗa baki. In da saura, ka roƙa mini Allah ya yafe mini, ya kuma ba ni ƙarfin da zan buɗe kwanon nan in sha, don gobe da safe sai na mayar mata da shi.